Takun Baba Na-Allah

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi kamar sauran, sai dai ya fi su nauyi a hannuna, na kuma daɗe ina kewaye shi. Ummi da Sadiku, ku nake rubuta wa. Ummi, kina ɗakin mijinki a Fatakwal, kuma kin riga kin yi wayo lokacin da rabin abin nan ya faru, don haka ba zai zo miki baƙo duka ba. Sadiku, kai na fi zalunta. Ka karanta a zaune, ka bari sai ka kai ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Mutane sun sha tambayata dalilin da ya sa na ja baya da rubutu a shafina na intanet, ni da nake ɗora labari sau goma a yini na koma sau ɗaya a mako. Wasu sun ce tsorata ni aka yi, wasu sun ce idona ne ya yi rauni, wasu sun ce tsufa. Na bar kowa da zatonsa. Ku ba zan bar ku da zato ba.

Kun san karatuna bai wuce firamare ba. Sana'ata man ja, ina saye a kudu ina lodawa arewa, ita ce ta sa ƙafata ta saba da Inugu da Anacha da Fatakwal kamar ɗakuna uku na gida ɗaya. Tun kafin waya ta zo, ni nake rubuta wa 'yan ci-rani wasiƙa, masu baro da masu gyaran takalmi da masu yankan farce, in ba direbobi su kai musu gida. Da babbar waya ta shigo hannuna sai na buɗe shafi, kuma Allah ya sani da niyya mai kyau na buɗe. Motar albasa ta lalace a hanya, in sanar. An tsinci wani bawan Allah ba ya cikin hayyacinsa a tasha, in sa hotonsa har danginsa su gani. Hanya ba lafiya, in ce kada a biyo. Mutanen Ama Hausa, wato unguwannin Hausawa na garuruwan nan uku, suka riƙa cewa in ba Ilu mai waya ne ya faɗa ba, labari bai tabbata ba. A nan ciwon ya shige ni. Na daina tambayar kaina ko abu zai amfani wani, na koma tambayar ko ni zan riga kowa. In na ɗora abu sai in zauna ina kallon mutane suna taruwa a ƙarƙashinsa, kamar mai kiwon kaji ya watsa tsaba. Ina sallame salla hannuna yana laluben aljihu kafin in yi tasbihi.

Mahaifiyarku, Asma'u, Allah ya jiƙanta, ba mai faɗa ba ce, da zolaya take magana. Takan ajiye mini tuwo a ɗakinmu na bayan unguwar Ogui a Inugu, ta zauna tana kallona har miya ta yi sanyi.

"Baban Ummi, in ba za ka ci ba ka ɗauke shi hoto, ko mutanenka sa ƙoshi."

"Minti ɗaya, Maman Ummi."

"Mintinka ɗaya ya fi tafiyar Kano nisa. Kowa ya san kuɗin albasa a kasuwar Creek Road ta bakinka, amma da zan tambaye ka ajin da Sadiku yake, sai ka yi waya ka tambayo."

Nakan yi dariya, ita ma ta yi. Ban gane cewa dariyar tata ba irin tawa ba ce sai da ta tafi.

Ranar da ta rasu ina Anacha. Ta kwana biyu tana cewa kanta yana sarawa, da safen kuma ta ce mini in bar tafiyar sai gobe. Na ce kaya nake da su a tasha. Gaskiya ne akwai kaya, amma da na gama da su ban juyo ba, domin gobara ta tashi a wasu rumfuna kusa da tashar Upper Iweka, na tsaya ina haska wa mutane kai tsaye a shafi. Ummi, kiranki yana shigowa yana katse mini hoto, ni kuwa ina danne shi da yatsa. Na danne shi ya fi sau goma. Kin taɓa tambayata ko babu sabis ne ranar, na ce e. Akwai sabis. Lokacin da na kira ki, muryar maƙwabciyarmu na ji, ba taki ba. Na shiga mota, cunkoso ya riƙe mu, hanya kuma ga ta yadda kuka santa. An jira ni har bayan la'asar, hadari ya haɗo, liman ya ce haƙƙin mamaci ya fi na mai zuwa. Na iso na tarar da mutane suna wanke ƙafa daga jar ƙasar maƙabarta.

Wanda ya haƙa kabarinta shi ne Baba Na-Allah. Sadiku, ka san shi da tsufansa, amma ba ka san ko wane ne shi ba. Mutumin ƙasar Katsina ne, ya biyo shanu zuwa kudu yana saurayi, sa ya taka masa ƙafar hagu ta warke a karkace, bai ƙara komawa gida ba. Shi ya riƙe maƙabartar Hausawa da ke bayan gari tun kafin in zo Inugu. Bai iya karatu ba ko na allo mai nisa, amma duk wanda ke kwance a filin nan yana cikin kansa. Ku da aka haifa a nan ba za ku ga abin mamaki ba, amma ƙasar kudu ba ta riƙe alama. A gida akan sa tsingaro ko ice a kan kabari ya shekara goma. A nan damina ɗaya ta isa ta baje tudun, ciyawa ta fi mutum tsawo, gara ta cinye allo, farantin ƙarfe kuwa in tsatsa ba ta ci shi ba masu tsintar ƙarafa sun ɗauke. Don haka Baba ya yi wa kansa dabara. Akwai bishiyar kashu a tsakiyar filin, da mangwaro biyu, da wani tsohon suri. Daga su yake ƙirga taku. In baƙo ya zo daga Sakkwato ko Zariya yana neman kabarin ubansa da ya rasu shekaru ashirin, sai Baba ya tambayi sunan da sana'ar, ya jingina bayansa da kashu, ya rufe ido, ya taka yana ɗingishi yana ƙirgawa a hankali, ya tsaya.

"Ga shi nan. Yi masa sallama."

Washegarin jana'izar shi ya kama hannuna ya kai ni. Hawaye bai bar ni na ga komai ba sai jar ƙasa. Na tuna ya ce mini wata magana da ban manta ba.

"Ka lura, Malam Ilu, duk kawunansu kudu, ƙafafunsu arewa. Kamar mutanen da suka ɗaura niyyar tafiya gida aka ce su ɗan jira."

Bayan nan nakan je ziyara, ba sosai ba, sau biyu ko uku a shekara. Kullum shi ne a gaba ni a baya, kuma ina jin kunyar rubuta wannan, sau da yawa idona yana kan waya har sai ya ce mun iso. Ban taɓa ƙirga takun da kaina ba. Me zai sa in ƙirga, ga Baba?

Shekarar da nake son ba ku labarinta, shekara ta bakwai ce bayan rasuwar mahaifiyarku. Tun farkon damina Baba ya fara zuwa rumfata a Ogui. Okada yake hawa, ya sauka da ƙyar, ya zauna a kan jarka, mu gaisa gaisuwa mai tsawo irin tasu ta manya, ya tambayi iyali da kasuwa da gajiya, sannan ya kawo maganarsa.

"Malam Ilu, an ce kai ne mai rubuta duniya."

"Haba Baba, wace duniya? Ɗan abin da ya samu ne."

"To ni ma ina da 'yan mutanena, sun fi naka haƙuri, ba sa zagi ba sa gardama. Ina so ka zo ka rubuta su. Idona ya fara hazo, jiya na tsaya a gindin kashu sunan wani direba ya ɓace mini har sai da na zauna. Abin da ke kaina ba nawa ba ne, ajiya ce."

Na ce masa in sha Allahu ranar Asabar. Asabar ta zo ina Fatakwal ina ɗaukar rigimar masu kifi da masu kwale-kwale a Creek Road. Ya dawo, na ce bayan salla. Bayan salla ya dawo, na ce bari ruwa ya ɗauke. Sau biyar tsohon nan yana hawa okada da gurguwar ƙafa yana zuwa wurina. A zuwa na biyar bai zauna ba.

"Ni ba kuɗi na zo nema ba, ɗan nan. In littafi ne ya yi tsada, ni zan saya."

Kunya ta kama ni, na rufe rumfa na bi shi. Amma ko a nan sai da na yi wayo. Na ce masa rubutu da biro zai ɗauke mu kwanaki, gara in ɗauke shi a waya, murya da hoto, daga baya in zauna in kwafe a littafi. Ya tambaye ni ko abin ba ya zubewa. Na ce masa ko ni na mutu yana nan.

Mun fara da hantsi, ba mu gama ba sai da aka kira azahar. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ya jingina da kashu, ya yi bisimilla, ya shiga jero su kamar mahaddaci yana tilawa. Wane mai goro, mutumin Gwandu, taku huɗu gabas. A ƙafarsa wance matar wane, ta rasu wajen haihuwa, jaririn yana gefenta. Wane direba, wanda motarsa ta faɗi a gangaren Ugwu Onyeama, taku tara. Yana tafiya yana nunawa da sanda, ina binsa da waya. Wani ya faɗi garinsu, wani ya ce ba a san garinsu ba amma yana da tsage uku a kumatu. Da muka zo kan mahaifiyarku ya tsaya ya dube ni.

"Wannan kai ya kamata ka faɗa mini, ba ni zan faɗa maka ba."

Na mayar da idona kan waya. Ya faɗi takun, ya wuce. Na ji ya ce goma sha wani abu, yamma da kashu. Ban riƙe ba, domin a raina ai yana cikin waya, hankalina kuma yana kan ko hoton yana fita da kyau. Da muka gama ya zauna a gindin mangwaro, gumi ya jiƙa masa riga, ya yi wata ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Yau na sauke. Shekara arba'in ina ɗauke da mutanen nan, ko zazzaɓi na yi sai in ji tsoro."

A tsakiyar aikin ya yi wasu maganganu na ban dariya. Ya ce shi ne mai masaukin da baƙonsa bai taɓa ƙorafin sauro ba. Ya ce manyan alhazai da masu baro duk awo ɗaya yake musu. Da na koma rumfa, waɗannan na yanko, abin da bai fi minti biyu ba, na ɗora a shafi. Ya yi farin jinin da babu abin da na taɓa ɗorawa ya yi. Har daga ƙasashen waje ana yi masa addu'a. Na kai masa na nuna masa, ya yi murmushi ya ce, to sunayen fa? Na ce suna nan, ina kan kwafewa. Ban sayi ko littafin ba.

Bayan kamar mako uku na je Anacha lodi. Ina tsaye a Upper Iweka sai wata tankar mai ta kwanta a kan hanya, mutane suka watse da gudu, wasu kuma suka nufo ta da bokitai. Na zaro waya, ta ce mini ta cika, ba wurin sabon hoto. Na duba abin da ya fi cin wuri. Na Baba ne, na awa uku da wani abu. Ba zan ce muku hannuna ne ya kuskure ba, ko ban san abin da nake yi ba. Na sani. Wayar ma sai da ta tambaye ni ko na tabbata. Abin da na ce wa kaina shi ne, Baba yana nan, sai mu sake ɗauka ranar Asabar. Na goge. Na ɗauki tankar, na riga kowa. Ko gobara ba ta tashi ba, aka zo aka janye ta, bayan kwana biyu babu mai maganarta.

Baba Na-Allah ya rasu kafin wata ya ƙare. Ya yi alwalar azahar, ya zauna a kan tabarma, shi ke nan. Matasan da yake koya wa haƙa suka haƙa masa kusa da surin. A wurin zaman makoki sarkin Hausawa ya dafa kafaɗata a gaban jama'a ya ce Allah ya yi mini albarka, marigayi ya gaya masa cewa ya damƙa komai a hannun Ilu, kowa ya kwantar da hankalinsa. Mutane suka ce amin. Ni ma na ce amin. Na kai wayar wurin masu gyara a Ogui, na kai Anacha, har wani yaron Ibo da aka ce babu abin da ba ya dawowa da shi ya riƙe ta kwana uku. Ya miƙo mini ya ce na riga na ɗora wasu abubuwa a kan wurin, abin ya tafi.

Sadiku, yanzu na zo kanka. Kana da shekara shida ta rasu, ba ka je jana'iza ba, ni kuma ban taɓa kai ka ba, kullum ina cewa sai ka girma. Kwanaki kaɗan bayan rasuwar Baba ka same ni a rumfa, ka tsaya kana wasa da murfin jarka.

"Baba, tunda Baba Na-Allah ba ya nan, kai za ka nuna mini wurin Mama. Ina so in riƙa zuwa."

Da na ce maka ban sani ba, da ka tambaye ni dalili, da kuma dole in faɗi duk abin da na rubuta a sama. Ban iya ba. Muka hau okada muka je. Na jingina bayana da kashu yadda na ga yana yi, na fuskanci yamma, na taka. Goma sha nawa? Na zaɓi sha biyar don ita ce tsakiya. Na tsaya a kan wani ɗan tudu da ciyawa ta rufe.

"Nan ne."

Ka dubi wurin, ka dube ni.

"Baba, you sure?"

"Ni zan manta kabarin uwarka?"

Haka na ce maka. Ka durƙusa ka fara cire ciyawa da hannu.

Tun daga ranar ba ka fasa ba. Kowace Juma'a bayan an sauko, ka ɗauki fartanya da adda ka tafi. Ka kewaye wurin da duwatsu. Ni kuma na ci gaba da shafina kamar ba abin da ya faru, har ma na ƙara ƙaimi, domin in ina cikin hayaniyar mutane ba na jin abin da ke cikina. Sai wata Juma'a aka yi jana'izar wani mai shayi, na je, muna fitowa na hango ka daga nesa. Ba ka gan ni ba. Kana zaune a gefen duwatsun, ka buɗe takardar sakamakon jarrabawarka kana karanta wa tudun, darasi bayan darasi, har kana nuna masa da yatsa. Ni ubanka ban ga takardar nan ba, ka kawo mini da safe na ce ka ajiye ina zuwa. Na laɓe a bayan mangwaro. Wayata tana ta motsi a aljihu, karo na farko a shekaru da ban taɓa ta ba.

Da la'asar na sami liman shi kaɗai, na gaya masa komai. Ya gyara zama ya dube ni.

"Malam Ilu, addu'a ba ta ɓatan hanya. Ko daga Fatakwal yaron nan ya yi wa uwarsa, za ta same ta. Wannan ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro ƙaryar da ka yi masa, da amanar tsohon nan. Ka je ka faɗa masa."

"Malam, bari in nemo kabarin na gaskiya tukuna, in haɗa masa da shi."

"In ba ka samo ba fa?"

Ban je na faɗa maka ba. Amma washegari na rubuta a shafi cewa daga yau ba za a ƙara jina ba sai ranar Juma'a, kuma magana ɗaya zan riƙa yi: duk wanda ya taɓa binne wani nasa a maƙabartar Inugu, ko ya halarci jana'iza ya riƙe wurin, ya neme ni. Na kuma faɗi cewa ajiyar Baba ta salwanta a hannuna. Ban faɗi yadda aka yi ba, na ce ta salwanta. Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku. Waɗanda suke kirana kafin su kira 'yan uwansu suka daina. Wasu suka zage ni a ƙarƙashin rubutun, kuma suna da gaskiya. Wani matashi a Anacha ya buɗe nasa shafin, cikin wata biyu ya kwashe mutanen. Sarkin Hausawa ya yi wata uku yana amsa gaisuwata da ka kawai. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo, har yau in na ji an yi wani abu a gari yatsana yana ƙaiƙayi. Na sayar da babbar wayar na sayi ƙarama mai maɓalli, in Juma'a ta zo in ari ta maƙwabci. Na sayi littafi mai bango mai kauri, da igiyar awo irin ta magina, domin na gane taku ba abin dogaro ba ne.

Shekara biyu ke nan ina wannan aiki. In na je lodi Anacha ko Fatakwal, lokacin da dā nake yawon neman labari, yanzu tsofaffi nake nema. In zauna da mutum yini guda don ya tuna ko dama da mangwaro ne ko hagu. Wasu na biya musu mota su zo su nuna. Wasu sukan zo su tsaya a filin su juya su juya, su fashe da kuka, su ce da Baba ne yake kawo su. Abin da na samu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da tsohon nan ya jero mini a yini ɗaya ba. Waɗanda suka halarci jana'izar mahaifiyarku na bi su ɗaya ɗaya. Kowa ya ce yamma da kashu, kowa ya ce ana sauri saboda hadari.

Watanni huɗu da suka wuce na sami wani dattijo a Creek Road, Malam Sule mai busasshen kifi, wanda ya zauna a Inugu da daɗewa. Ya ce ya taɓa binne abokin kwanansa a nan, wani Garba mai baro, mutumin wajen Zuru, wanda ciwon ciki ya kashe, kuma har yau babu wani nasa da ya taɓa zuwa, don ba a san ƙauyensu ba. Na kawo shi. Ya tsaya a gindin kashu ya duba, ya miƙe kai tsaye zuwa wurin da ka kewaye da duwatsu.

"Ikon Allah. Wa yake gyara wa Garba wuri haka?"

Na ce ya sake dubawa. Ya ce babu abin da zai sake dubawa, shi da hannunsa ya tura guntuwar tayar baron Garba a ƙasa wajen kai, don ya san ƙarfe za a sace, roba kuwa ba mai so. Ya karɓi addata ya ɗan tona gefen duwatsun. Tayar tana nan.

A ranar na gane kuskurena na biyu. Ko da na riƙe lambar daidai, da ban isa wurin ba. Baba gurgu ne, takunsa biyu ne nawa ɗaya da kaɗan. Na bi shi a baya shekara bakwai ban lura da yadda yake taka ƙasa ba. Na wuce mahaifiyarku da nisa, na kai ka kan baƙo.

Ga abin da na sani yanzu, ba ƙari ba ragi. Tsakanin kashu da kabarin Garba, a layin nan, akwai kaburbura shida. Biyu na gano masu su, na rubuta. Saura huɗu. Mahaifiyarku tana cikin huɗun nan, ban san wanne ba, kuma mai yiwuwa ba zan taɓa sani ba. Na riƙa cewa sai na samo zan faɗa, na ga in na ci gaba da jira zan bi Baba da wannan a cikina, kamar yadda na bar shi ya tafi yana zaton ya sauke.

Ummi, akwai sabis ranar. Ki yafe mini in za ki iya.

Sadiku, ban san da wane ido za ka dube ni ba bayan wannan, kuma duk wanda ka zaɓa na cancanta. Littafin yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, da igiyar awon. In na mutu kada ku bar shi a hannun mutum ɗaya, ku kwafe shi uku, ɗaya a masallaci. Ranar Juma'a zan riga ka zuwa, zan tsaya a gindin kashu da fartanya biyu. In ka zo, mu nome huɗun nan gaba ɗaya, mu yi musu sallama gaba ɗaya, tana ciki za ta ji. In ba ka zo ba, zan nome su ni kaɗai, ba zan ce ka yi laifi ba.

Abu ɗaya kawai nake roƙonka. Duwatsun da ka jera wa Garba, kada ka kwashe. Shekara biyu yana da mai zuwa.